Waƙa a Bakin Mai Ita: Wa Ya Ƙulla Waƙoƙin Narambaɗa?

Wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Birnin Gwari ya aiko mini da saƙo ta hannun ɗansa, yana so in raba musu wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ya ce ta samo asali ne tun ƙarshen 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Kaduna ta sa aka katse layukan waya a yankinsu saboda 'yan bindigar daji. Waya ta zama ba ta da wani amfani sai abin da ke cikin memori, shi kuwa nasa memorin cike yake da Narambaɗa. Kullum bayan isha'i sai a kewaye shi a teburin mai shayi ana saurare. Ran nan wani malamin firamare da ke zama da su ya ce a mayar da waƙar farko, kowa ya kasa kunne ya ƙirga: kalma nawa ta fito daga bakin Narambaɗa, nawa ta fito daga bakin 'yan amshinsa? Da aka ƙirga sai ga shi yaran sun fi maigidansu magana nesa ba kusa ba. Malamin ya ce ashe ke nan waƙar tasu ce, Narambaɗa suna kawai ya ɗauka. Dattijon ya ce wannan cin mutuncin mamaci ne. Layin waya ya dawo tuni, amma gardamar tana nan.

Tambayar ta fito daga inda ya dace. Dajin nan da ya zame wa mutanen Birnin Gwari ƙarfen ƙafa, wanda ya taso daga Kamuku ya haɗe da Kuyambana ya ɓulla Ɗansadau, shi ne kuma ya haɗa su da Zamfara tun kafin a shata jihohi. Kiɗan kotso da na taushi ba baƙo ba ne a kunnen mutumin Kuyello ko Dogon Dawa, kuma Tsafe, inda Salihu Jankiɗi ya yi zama kafin ya koma fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, maƙwabciyarsu ce.

An haifi Ibrahim Narambaɗa a Tubali, cikin ƙasar Isa da Shinkafi, a ƙarshen ƙarni na 19. Mahaifinsa Maidangwale asalinsa mutumin Filinge ne ta ƙasar Nijar, kuma ba makaɗi ba ne. Ta wajen uwa kiɗan ya biyo shi: mahaifiyarsa 'yar gidan makaɗa ce daga Badarawa, a ɗakinta ya tarar da kotson kakansa. Laƙabin da ya danne sunansa na yanka kuwa, masu ba da tarihinsa sun ce daga wata karya ya samo shi, wadda yake kira Rambaɗa. Da kiɗan noma ya fara, yana bin gayya yana zuga manoma, kafin ya shiga fada. A fadar Isa ya yi sunan da muka san shi da shi, ƙarƙashin Sarkin Gobir Amadu, wanda ya hau gadon sarauta a 1935 ya kuma shekara arba'in a kai. Narambaɗa ya riga ubangidansa rasuwa, a farkon shekarun 1960. Mafi yawan marubuta 1963 suke kawowa.

Abin da malamin firamaren nan ya ji da kunnensa gaskiya ne, kuma duk wanda ya saurara zai ji shi. A ƙungiyar makaɗan kotso, masu kiɗan su ne masu amshi. Kowa na rataye da kotsonsa, ganga mai baki ɗaya da ake kaɗawa da yatsu ana matsa tsarkiyarta, yana kiɗa yana rerawa. Jagora zai jefo kalma biyu ko uku, kafin ya rufe baki yara sun cafe, su ƙarasa layin, su zarce da na biyu da na uku, wani lokaci har su kai ɗan waƙar ƙarshe su sauke shi a kan gindi, duk da murya ɗaya, ba mai riga wani, ba mai tuntuɓe. Ka kwatanta wannan da Mamman Shata. Amshin Shata gajere ne, layi guda da ake maimaitawa, shi kuwa yana tsaye yana ƙera magana nan take gwargwadon wanda ya gani a fili. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun daɗe da bambance waɗannan hanyoyi biyu: akwai waƙar shiri, akwai ta ƙire.

A nan ne lissafin malamin ya yi tuntuɓe. Mutum biyar ko shida ba za su iya ƙago jimla ɗaya a lokaci ɗaya, da kalmomi iri ɗaya da karin murya ɗaya ba. In ka ji sun haɗa baki sun zuba layi huɗu ba gargada, abin da ka tabbatar shi ne an zauna an shirya waƙar, an bita har ta zauna a ka. Yawan maganar 'yan amshi shaida ce ta hadda. Wanda ya ƙulla maganar tun farko kuwa, ƙirgen kalmomi ba zai nuna shi ba. Almajirai arba'in na iya ɗaga murya da karatu alhali malam na zaune shiru, ba wanda zai ce su suka rubuta allon.

To amma wannan bai kashe maganar ba, ya dai mayar da ita inda take, wato wurin zaman shiri, inda ba rediyo ba 'yan kallo. Waƙar fada da gindi take farawa, ɗan taƙaitaccen zancen da za a riƙa komawa kansa, wanda dole ya ɗauki kirarin ubangida, ya kuma hau kan kiɗa yadda kotso zai iya faɗinsa ko ba baki. Bayan gindi sai ɗiya. Kayan da ake gina ɗiyan da su kuwa ba a kan mutum ɗaya suke ba. Nasabar sarki, wane ya haifi wane, wa ya ci wane gari, a bakin tsofaffin fada ake jin ta. Zambo da habaici, waɗanda su ne gishirin waƙar sarauta, daga raɗar fadawa suke fitowa: wane ɗan sarki ne ya nemi sarautar bai samu ba, wa ke da rowa, wa ya kai ƙara aka kore shi. Sanƙira, maroƙin ƙungiya, na yawo yana tsinto labari. Sannan a keɓe, jagora ya kawo ɗa, yara su gwada shi a kan kiɗa, inda kalma ta yi nauyi a sauya ta, inda layi ya gaza wani ya cika. Wannan cikon har suna gare shi a sana'ar, ana ce masa ƙari, kuma ɗan amshin da ya iya ƙari daraja gare shi a ƙungiya.

Riwaya biyu ke yawo a kan wannan zama. Ta farko, wadda dattijonmu ya riƙe, ita ce ta baiwa: Allah ya zuba wa mutum ɗaya hikima, sauran masu ɗauko ce kawai. Wasu ma kan wuce nan su ce manyan makaɗa da iskokinsu suke kwana, su ke ba su waƙa cikin dare. Masu wannan ra'ayi suna da babbar hujja, domin Narambaɗa da kansa ya yi da'awar. A cikin Bakandamiya, waƙar da ya yi wa Sarkin Gobir Amadu wadda ta zama ma'aunin da ake auna gwanintar kowane mawaƙi, ya tsaya ya yabi kansa, ya nuna hikima ɓuɓɓugo masa take yi kullum, har ya jera waƙarsa da ta Alfazazi mai Ishiriniya. Makaɗin da ya taso daga kiɗan noma ya ɗauki kansa ya ajiye kusa da malamin Andalus. Wanda bai yarda shi ne mai waƙarsa ba ba zai yi wannan ƙarfin hali ba. Riwaya ta biyu ita ce ta malamin firamare, kuma ba shi kaɗai ke faɗinta ba: cewa jagora murya da kwarjini gare shi, ainihin masu sarrafa magana suna bayansa rataye da kotso.

Ba na raina riwaya ta biyu, saboda Musa Ɗanƙwairo. An haife shi a 1909 a ƙasar Bakura, ya tashi a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda a Maradun yana amshi. Da mahaifin ya rasu, wansa Abdu Kurna ya gaji jagoranci, Musa ya zama daudun kiɗi, wato na biyu a ƙungiya. Ya daɗe a haka, har ya manyanta, kafin zamanin siyasar jam'iyyar NPC ya kai shi gaban Sardauna Ahmadu Bello ya tsaya da ƙafarsa. Mutumin da daga baya ya cika Arewa da waƙoƙin sarakuna har rasuwarsa a 1991, shin za a ce duk shekarun da ya yi a bayan Kurna bakinsa kawai yake buɗewa yana maimaita abin da aka ba shi? Hankali ba zai ɗauka ba. Lalle akwai ɗiyan waƙa da ake ce wa na Kurna alhali daga kan Musa suka fito. In kuwa hakan ta faru a Maradun, ba abin da zai hana ta faruwa a Isa.

Wannan gardama ba mu kaɗai muke yin ta ba. A daidai shekarun da Narambaɗa ke tashe a Isa, baƙaƙen fatar Amurka na can suna raya kiɗansu da ake kira jaz, kuma shi ma kiɗan ƙungiya ne mai jagora. Ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai: Louis Armstrong ya zo Nijeriya a ƙarshen 1960 har ya gana da Sardauna a Kaduna, Yusef Lateef kuma ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana nazarin kiɗanmu. Babban jagoran ƙungiya a farkon zamanin jaz shi ne Duke Ellington, wanda aka haifa a Washintan a 1899 ya rasu a 1974. Da fiyano yake kiɗa, amma an fi girmama shi a matsayin mai ƙaga waƙa; abin da ke ɗauke da sunansa ya haura dubu. Kuma tun yana raye ake yi a kansa irin tambayar da ake yi a teburin mai shayin Birnin Gwari.

A watan Oktoba na 1927 ƙungiyarsa ta ɗauki wani kiɗa a faifan garmaho mai suna Creole Love Call. Wani yaronsa mai busa, Rudy Jackson, shi ya kawo karin, ya ce nasa ne. Ellington ya gyara shi, ya sa wata mawaƙiya Adelaide Hall ta bi shi da murya zalla ba kalma ko ɗaya, faifai ya fita ya karɓu. Sai ga King Oliver, tsohon gwanin ƙaho na New Orleans, maigidan da Armstrong ya yi wa yaranta, ya taso ya ce wannan karin nasa ne, ya ɗauke shi a faifai tun 1923 da sunan Camp Meeting Blues, kuma Jackson ya taɓa aiki a ƙungiyarsa. Duk mai kunne in ya saurari faifan biyu zai ba Oliver gaskiya. Amma da ya nemi haƙƙinsa sai takardun rajistarsa suka ba shi kunya, bai samu ko sisi ba. Jackson ya rasa aikinsa. A watan Disamba na shekarar Ellington ya shiga Cotton Club, wani gidan rawa a unguwar Harlem inda baƙar fata ke kiɗa farar fata ke kallo, daga can rediyo ya yaɗa sunansa a duk Amurka. An ce Oliver aka fara yi wa tayin wannan aiki ya ƙi saboda kuɗin sun yi masa kaɗan. Ya rasu a 1938 a garin Savannah cikin talauci, yana sharar wani ɗakin wasa.

Wanda ya maye gurbin Jackson, Barney Bigard, shi ma da guzurinsa ya zo. Ya kawo wani kari da ya koya wurin malaminsa Lorenzo Tio a New Orleans, daga nan aka gina Mood Indigo a 1930, ɗaya daga cikin waƙoƙin da aka fi sanin Ellington da su. A takarda sai ga suna uku: Ellington, Bigard, da Irving Mills. Shi Mills manajan ƙungiyar ne kuma mai buga waƙoƙinta, ɗan kasuwa ne, amma daga 1926 zuwa 1939 sunansa ya hau kan waƙoƙi da dama don ya ci kason ciniki. Malam Tio, mai asalin karin, bai shiga takardar ba. Kafin nan akwai Bubber Miley, mai ƙahon da ke toshe bakinsa da roba ya sa shi gurnani kamar mutum na magana. Da shi aka ƙulla East St. Louis Toodle-Oo a 1926 da Black and Tan Fantasy a 1927, ya bar ƙungiyar a 1929, tarin fuka ya kashe shi a 1932 yana da shekara 29. Caravan ta 1936 Juan Tizol ne ya kawo ta. Take the A Train kuwa, wadda ta zama taken ƙungiyar tun 1941, wadda har yau mutane da yawa ke ɗauka ta Ellington ce, Billy Strayhorn ne ya yi ta, saurayin da ya shigo a 1939 ya zauna yana rubuta wa maigidansa kiɗa har mutuwa ta raba su a 1967. Wani daɗaɗɗen yaron Ellington, Lawrence Brown, an ruwaito ya taɓa gaya masa a fuska cewa shi mai tattarawa ne, bai kai a kira shi mai ƙagawa ba.

Da wannan kaɗai aka ji, sai a ce malamin firamare ya ci gardama har a Amurka. Sai dai a dubi abin da Ellington ya yi wa karin da Bigard ya kawo. Ya ɗauki masu busa uku ya birkita musu matsayi: wanda aka saba ji a sama ya saukar da shi can ƙasa, mai kaurin murya ya ɗaga shi sama, ya toshe bakin ƙahonin biyu, sai aka sami wani amo da ba a taɓa ji ba. Ya yi wa karin gabatarwa, ya yi masa mazauni, ya daidaita shi da minti uku da fuskar faifan garmaho ke iya ɗauka. Ya san muryar kowane yaronsa kamar yadda uwa ta san kukan 'ya'yanta, don wane yake rubuta wannan layi, don wane yake rubuta wancan. Manyan yaransa da suka fita suka kafa nasu, irin su Johnny Hodges da ya tafi a 1951, ba su fitar da abin da ya kama ƙafar wanda suka yi a gidansa ba. Hodges ma a 1955 ya dawo. Kari guda ɗaya iri ne. Wanda ya san ƙasar da zai shuka shi, da lokacin, da abin da zai raba shi da ciyawa, shi ake kira manomi.

Abin da ya sa rigimar Amurka ta yi zafi shi ne takarda da kuɗi. Can duk wanda sunansa ya hau kan waƙa zai riƙa karɓar kaso duk lokacin da aka sayi faifai ko aka sa ta a rediyo, har magadansa. Cire sunan mutum cire masa abinci ne. A Isa ba haka tsarin yake ba. Waƙa ba hajar sayarwa ba ce, ta ubangida ce; makaɗin fada ko wani basarake zai yi wa waƙa sai da yardar nasa sarkin. Ladan kuwa a fili ake ba da shi, doki ko riga ko dame ko kuɗi, jagora ya karɓa ya raba, kasonsa ya fi na kowa, amma kuma cin yaransa da suturarsu da aurensu da sunan 'ya'yansu duk suna wuyansa. Ellington ma, a faɗi gaskiya, da kuɗin waƙoƙinsa ya riƙa biyan albashin ƙungiyarsa a shekarun da kasuwar manyan ƙungiyoyi ta mutu. Saboda haka kalmar sata, ko cin gumin wani, ba ta hau kan Narambaɗa ba. Ɗan amshin da ya kawo ƙari mai daɗi ya ga sakamakonsa a ranar, kuma kowa a fada ya san shi ya san aikinsa. Mu da muka zo daga baya, muka tarar da murya a kaset ba fuska, mu ne muka rasa sunayen.

Ni dai a nan na tsaya: Narambaɗa ne mai waƙoƙinsa, kuma na fi karkata ga dattijon hatsi fiye da malamin makaranta. Hujjata ita ce hannu ɗaya ake gani a ko'ina. Ka saurari Bakandamiya, ka saurari waƙar Dokin Iska Ɗanhilinge, ka saurari ta Alƙali Abu. Sarki, doki, alƙali, abubuwa uku da ba su haɗa hanya ba, amma tunanin iri ɗaya ne: a ɗauko abin da kowa ke gani a gona ko a gulbi ko a garke, a juya shi a hankali har ya zama hukunci a kan mulki da ƙaddara da halin ɗan Adam, a cikin Hausar Gobir da Zamfara da ba a sassauta ta don baƙo ba. Taron mutane na iya kawo kalma mai daɗi, amma irin wannan nutsuwar tunani daga kai ɗaya take fitowa. Kuma bayan rasuwarsa ba a sake jin wata Bakandamiya ta fito daga Tubali ba. Inda na rabu da dattijon shi ne cewar da ya yi ambaton hannun yara cin mutunci ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gwanin da ya iya zaɓen ƙarin da ya dace daga bakin yaronsa ya watsar da guda tara, wannan zaɓen ma gwaninta ce. Batun iskoki kuwa ban karɓe shi ba ko kaɗan, domin yana ƙwace wa mutum wahalar da ya sha ya ba wanda ba a gani.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Alfazazin da Narambaɗa ya ambata. Abdurrahman Alfazazi ya rasu a Marrakush a 1230. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu da daren Mauludi, wadda kowa ke kira tasa, ba tasa ba ce shi kaɗai. Shi ya yi baituka masu ƙwar biyu, ashirin ga kowane harafi. Wani malami, Ibn Muhib, ya zo ya yi mata tahamisi, ya ɗora layi uku a kan kowane biyu. Ke nan a duk layi biyar da mai bege ya rera, uku na mai ƙari ne. Wannan bai rage wa Alfazazi komai ba, kuma malamai ba su ɓoye sunan Ibn Muhib ba. Duk almajirin da ya karanci littafin a gaban malami an gaya masa. Haka waƙar Tabbat Haƙiƙa: ɗalibi a Sakkwato zai ce maka asalinta na Shehu Usmanu ne da Fulatanci, sannan ya ambaci Nana Asma'u da ƙanenta Isan Kware a kan fassara da tahamisi. Ashe muna da tsohuwar al'adar ajiye sunan mai asali da na mai ƙari gefe da gefe tun kafin a san wani abu wai shi haƙƙin mallaka. A zauren malamai ta tsaya, ba ta ƙetara zuwa gidan makaɗa ba, don su ba alƙalami a hannunsu, kuma masu alƙalamin sun daɗe suna ganin sana'ar roƙo ba ta kai a rubuta ta ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Na'urar ɗaukar magana ta riski Narambaɗa a ƙarshen rayuwarsa, ta kama kaɗan daga abin da ya yi. Gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ya kai muryarsa inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, kaset ya karɓa, yau ga memori. Jami'o'i suka shigo, Farfesa Gusau ya tattara tarihin makaɗa da matanin waƙoƙinsu, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya fitar da littafi sukutum a kan Narambaɗa a 2009, Jami'ar Bayero ta yi taro a kansa a 2019. Aiki ne babba, Allah ya saka musu. Amma ko a rubutattun matanin, gefe ɗaya an sa Jagora, ɗaya gefen an sa 'Yan Amshi, jimla guda ba suna. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, ta sabunta ta a 2022. A situdiyoyin Kano da Kaduna kuwa har gobe yaron da ya haɗa kiɗa da yarinyar da ta yi amshi sallamar rana ɗaya ake yi musu, waƙa ta fita da sunan mutum ɗaya, kuma yanzu akwai kuɗin da ke biyo suna, ba kamar zamanin Isa ba.

Alhaji, ga amsarka: ka gaya wa malam waƙar ta Narambaɗa ce, shi kuma ka yarda masa cewa akwai gumin yara a cikinta. Sannan ina da roƙo gare ku ku biyun. Shekarun da daji ya hana noma sun taro mutanen ƙauyuka da dama cikin garin Birnin Gwari, daga Randagi, daga Kakangi, daga Damari, kuma a cikinsu akwai tsofaffin makaɗan noma da 'yan amshinsu waɗanda rabonsu da gayya an daɗe, ga kuma makaɗan fadar Mai Gwari. Tun sulhun ƙarshen 2024 da aka sake buɗe kasuwar shanu an ɗan sami sararawa. Ku nemi tsofaffin nan tun suna da sauran murya, ɗanka ya ɗauke su da wayar da ya aiko mini saƙo da ita, malam ya riƙe biro da littafi. Kafin a taɓa ganga, kowane ɗaya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, in an gama kuma a tambaye su wa ya kawo gindin, wa ya kawo kowane ɗa, a rubuta.